A yi wa fasinja bayani da harshen da yake ji

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda kamfanonin jiragen sama ke mu'amala da fasinjojinsu, musamman iyayenmu da ba su yi boko ba. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, harkar shadda da atamfa nake yi, kuma da wuya wata ya mutu ban bi hanyar Kano zuwa Legas ba. Jinkirin jirgi ba baƙona ba ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tafiyar da na yi da mahaifiyata a hunturun da ya wuce.

Likitan ido ne ya ba Hajiya rana a Legas. Na yanki tikitin jirgin ƙarfe goma na safe, tun ƙarfe takwas muna filin jirgi, aka auna kayanmu, aka ba mu takardar shiga, muka samu wuri muka zauna. Ranar hazo ya sauka sosai, in ka leƙa ta gilashi ko ƙarshen filin ba ka hangowa. Ban ga laifin kowa a nan ba. Matuƙi ba zai sauka a inda ba ya ganin titi ba, kuma jirgin da zai ɗauke mu daga Legas zai taso, to in bai samu sauka ba me za mu hau? Mutane da yawa ba su san cewa jirgi ɗaya ne ke yin zirga-zirga sau huɗu ko biyar a yini ba, shi ya sa in ya makara da safe, makarar ke bin sa har dare. Duk wannan na sani. Amma dattijon da ke kusa da mu bai sani ba, kuma ba wanda ya gaya masa.

Tsoho ne mai farin gemu, da 'yar jakar fata a kan cinya, ya riƙe takardar shiga jirgi da hannu biyu kamar wani zai ƙwace. Ɗansa ne ya aiko masa da tikiti, kuma ranar ce hawansa na farko. Wajen sha biyu wata ma'aikaciyar kamfanin ta zo ta yi magana da Turanci, da sauri, ta juya. Rabin mutanen wurin suka miƙe, rabi suka zauna suna kallon juna. Dattijon ya taɓa ni ya ce, "Ɗana, me ta ce? Jirgin ya tafi ya bar mu ne?" Na ce, "A'a Baba, bai ma iso ba, an ƙara awa biyu." Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To ai da sun faɗa, da na je na yi alwala." Tun safe yake matse, yana tsoron kada ya tashi a kira shi ba ya nan. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Tun 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano. Shekara ɗari ke nan muna hulɗa da jirgi, amma kamfani ya karɓi kuɗin Bahaushe a garinsa, ya kasa ajiye mutum ɗaya a teburinsa da zai ce masa "a yi haƙuri, hazo ne" da Hausa.

Ni ma na yi kuskure ranar, kuma ina faɗa don wani ya kiyaye. Hajiya na da ciwon suga, na bar maganinta a babbar jaka aka wuce da ita ciki. Da la'asar ta yi, jikinta ya fara rawa, na rasa inda zan sa kaina. Magani, takardun asibiti, caja, kuɗi da kaya kala ɗaya, duk a jakar hannu ya kamata su zauna. Haka fawa bank, doka ma ba ta yarda a sa shi a kayan da aka auna ake zubawa a ƙasan jirgi ba, saboda batirinsa na iya kamawa da wuta inda ba mai gani.

Har bayan magariba ba a ba mu ko ruwan leda ba, sannan aka ce an soke tafiyar. Nan wuri ya kaure. Wani matashi ya ci kwalar ma'aikaci, abin da ban goyi baya ba ko kaɗan, domin yaron nan ba shi ya kawo hazo ba, ba shi ya hana ruwa ba, kuma duk wanda ya ɗaga hannu a filin jirgi ya mayar da gaskiyarsa laifi. Da mutanen nan sun san haƙƙinsu, da ba a kai ga haka ba.

Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, tana da dokoki kan wannan, suna cikin sashe na 19 na ƙa'idojinta da aka sabunta a 2023. A tafiyar cikin gida, in jinkiri ya wuce awa biyu, kamfani ne zai ba ka abin sha da ɗan abin taɓawa. In ya wuce awa uku, kana da damar cewa ka fasa, a mayar maka da kuɗinka. In ya kai tsakanin ƙarfe goma na dare da huɗu na asuba, masauki da motar kai ka suna wuyansu. Wanda ya biya da tsabar kuɗi, nan take ake mayar masa, wanda ya biya ta banki kuwa cikin kwana 14. Gaskiya ne in yanayi ne ya jawo matsalar ba za ka nemi diyya ba, amma kuɗin tikitinka naka ne, hazo bai cinye shi ba. Hukumar tana da jami'an kare haƙƙin fasinja a manyan filayen jirgi, wurinsu na je na rubuta ƙorafi, na ɗauki hoton takardun da wayata.

Wani darasin kuma, ta hannun ejan na sayi tikitin, ashe lambar wayarsa ya sa maimakon tawa. Saƙon da kamfani ya tura na canjin lokaci wurinsa ya je, kuɗin da aka mayar ma ta hannunsa suka biyo, sai da na yi ta sintiri. Duk mai sayen tikiti ta ejan ya tsaya ya ga an sa lambarsa, ya kuma duba sunansa ya yi daidai da na katin shaida ko fasfo, harafi da harafi. Muhammad da Mohammed a wurinmu suna ɗaya ne, a wurin kwamfuta mutum biyu ne.

Sai batun kaya, wanda ya fi ba ni tsoro, musamman ga masu tafiya Umara. 'Yar takardar nan da ake manna maka a bayan takardar shiga jirgi bayan an auna kaya, ita ce shaidarka. Ka ƙirga: jaka biyu ka bayar, takarda biyu za ka gani, ba uku ba. Ba mu manta da ɗalibar nan da aka kama a Saudiyya a ƙarshen 2018 ba, aka ce jakarta na ɗauke da ƙwaya, sai daga baya binciken hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, ya gano wasu ne suka maƙala sunanta a jakar da ba tata ba. Sai a watan Afrilun 2019 aka sake ta, a ƙasar da hukuncin wannan laifi kisa ne. Don haka komai zumunci, kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ka gani ba, kada kuma ka yarda wani ya ce "Alhaji, ka rage kilo, bari in sa tawa a sunanka." In jakarka ba ta fito ba, ko ta fito a fashe, kada ka bar filin sai ka cike takardar rahoto a teburin kamfanin. A tafiyar ƙasashen waje, yarjejeniyar Montreal, wato dokar ƙasa da ƙasa kan sufurin jirgin sama, ta ba ka kwana 7 ka rubuta ƙorafin kayan da suka lalace, kwana 21 na waɗanda suka makara. Mu kuwa sai mu ce "Allah ya sa haka ya fi alheri" mu tafi gida. Tawakkali gaskiya ne, amma bai hana cike takarda ba.

Masu canza jirgi a Legas kuma su sani tashar cikin gida daban, ta ƙasashen waje daban, sai an shiga mota, ga cunkoso. A lokacin hazo, in kana da jirgin waje ko ranar asibiti, ka kwana a can tun jiya. Kuɗin otal bai kai asarar tikiti ba.

Ba zan zalunce su ba, akwai na kirki a cikinsu. Bayan mako biyu da muka koma, na nemi keken tura marasa lafiya kwana biyu kafin tafiya, kamar yadda ake so. Wata yarinya ma'aikaciya ta tura Hajiya har gindin matakala, ta durƙusa ta ce, "Mama, in kunnenki ya toshe a sama, ki yi hamma ko ki haɗiyi yawu, zai buɗe." Har yau Hajiya na sa mata albarka. Ko sisi wannan bai ci wa kamfanin ba.

Roƙona ga kamfanonin da ke tashi daga Kano, Sakkwato, Katsina, Kaduna, Yola da Maiduguri shi ne, duk sanarwar da aka yi da Turanci a maimaita ta da Hausa, kuma in an samu jinkiri ma'aikata su tsaya a teburinsu, kada su ɓace. Ita kuma NCAA ta fassara haƙƙoƙin nan ta liƙa su a bango inda fasinja ke zama, ta kai su gidajen rediyo. Kai ma Malam Edita, ina roƙon ka ware shafi guda ka buga su dalla-dalla kafin hazo ya sake sauka da kuma kafin Umarar azumi. In ka buga, ni da kaina zan sayi kwafi ashirin in raba a layinmu na kasuwa.

Na gode.

Naka,
Mai karatu daga Fagge, Kano