Wasiƙa daga Tuskegee

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya iyali, ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata lafiya. Ka ce in ba ka labarin garin da karatu ya kawo ni, to ga shi.

Tuskegee ɗan ƙaramin gari ne a jihar Alabama, mutanensa ma ba su kai dubu 10 ba, in yamma ta yi titi shiru kake ji, amma wallahi in aka fara lissafo maka waɗanda suka fito daga nan sai ka riƙe baki. Ka san Rosa Parks ai, matar nan da ta ƙi tashi ta ba wa bature kujera a bas a Montgomery a 1955? To nan aka haife ta a 1913. Mawaƙin nan Lionel Richie ma ɗan garin ne. A nan kuma aka horar da baƙaƙen fata na farko da suka tuƙa jiragen yaƙin Amurka lokacin yaƙin duniya na biyu, kusan su dubu, filin da suka fara koyo Moton Field yana nan har yau.

Kusan duk abin nan makarantar garin ce sila, wadda yanzu ake kira Jami'ar Tuskegee. Booker T. Washington ne ya buɗe ta a 1881 yana ɗan shekara 25, shi da aka haifa cikin bauta, da ɗalibai 30 a wata 'yar rumfa kusa da coci. Babu kuɗi, sai ɗaliban da kansu suka riƙa kwaɓa ƙasa suna gasa bulo suna gina ajujuwansu, wasu gine-ginen na nan daram, jajaye, in ka taɓa bangon za ka ji bulon bai yi santsi ba, aikin hannu ne zalla.

Amma wanda nake so ka sani, tunda kai malamin gona ne, shi ne George Washington Carver, masanin kimiyyar noma da ya koyar a makarantar. Ya zo a 1896 ya tarar auduga ta tsotse ƙasar manoma ƙarƙaf, kowa bashi ya yi masa katutu, sai ya dage musu a kan su riƙa sauya shuka, bana auduga baɗi gyaɗa ko wake ko dankali don ƙasa ta farfaɗo. Kuma bai zauna a ofis yana jiransu ba, a 1906 aka haɗa keken doki da kayan koyarwa ana bin su har gona. Wannan ne ya fi burge ni, kai na tuna da babur ɗinka kana zaga ƙauyuka. Carver ya rasu a 1943, kabarinsa na kusa da na Booker T. Washington a cikin makarantar.

Akwai ɓangare mai ciwo kuma. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta riƙe ɗaruruwan baƙaƙe masu tunjere a yankin nan ba magani, har bayan an samu fenisilin, maganin da ke warkar da cutar, don kawai a ga yadda cutar ke cin mutum. Sai 1997 shugaba Clinton ya nemi afuwa. Har yanzu in na tuna raina ɓaci yake.

Ka turo min hoton gyaɗarka ta bana don Allah. Ka gaida Hajiya da yara da 'yan majalisa duka.

Naka har kullum.