Wasiƙa ga ɗana: in ƙwaya ta fi ƙarfin abokinka

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan zamanka.

Ɗana, wa'azi a kan ƙwaya ka sha jinsa, ba shi zan maimaita ba. Kana zaman fada har dare ya raba, kana yawo da kabu-kabu tsakanin Zango da Birni, ka kuma san a cikin tsararrakinka akwai masu jefa tramol a shayi ko kofi don su jure aiki. Ko kai ba ka taɓa ba, wata rana a gabanka wani zai zube. Abin da za ka yi kafin a kai ga likita shi nake so ka riƙe.

Tramol da kodin na maganin tari dangi ɗaya ne, kuma ta numfashi suke kisa. Suna danne wurin da ke ba huhu umarni a ƙwaƙwalwa, numfashin ya yi ta raguwa har ya tsaya. Likita ba ya ba babba fiye da miligiram 400 na tramol a yini, shi ma a rarrabe. Na masu talla kuwa ƙwaya ɗaya tana iya ɗauke da 200 ko 225, yaro ya haɗiye uku a tashi ɗaya. In ya ɗora diyazefam (ƙwayar sa barci) ko giya a kai, haɗarin ya ƙaru sosai. Wanda ya dakata na ɗan lokaci saboda azumi, jinya ko zaman kaso, in ya koma kan adadin da ya saba, jikinsa ba zai ɗauka ba.

In ka ga mutum ya langaɓe, kira sunansa da ƙarfi, ka girgiza kafaɗarsa. In bai motsa ba, dunƙule hannu ka murza gaɓoɓin yatsunka a ƙashin tsakiyar ƙirjinsa. Mai barci zai zabura. Ɗaga fatar idonsa ka haska da waya: baƙin tsakiya yakan tsuke kamar kan allura, ko da yake da tramol ba kullum yake tsukewa ba, don haka kada ka dogara da ido kaɗai. Duba cikin leɓe, dasashi da farce, domin a baƙar fata nan ake ganin sun koma toka-toka ko shuɗi. Sannan ka ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Lafiyayyen babba yana ja sau 12 zuwa 20. Ƙasa da 10, ko ya ja ya yi dogon shiru, rai na cikin haɗari.

Minshari shi ke yaudarar mutane. Sai a ce "ku bar shi, barci yake, in ta sake shi zai tashi", a ja masa mayafi a watse. Minsharin wanda ba ya farkuwa, mai ƙarar kwarkwarar ruwa a maƙogwaro, harshe ne ya faɗa baya ya toshe hanyar iska. Ba a barin irin wannan ya kwana.

Ka nuna mutum ɗaya da sunansa ya kira ƴan kwana-kwana a lamba 18 ko ya nemo mota, don in ka ce "a kira" kowa zai jira wani. Kai kuma kwantar da shi rigingine a ƙasa, tura goshinsa baya, ɗaga haɓarsa, ka cire abin da ka gani a bakinsa. In numfashin ya yi ƙasa ƙwarai, toshe hancinsa ka hura masa iska baki da baki, sau ɗaya kowane daƙiƙa 5, kana kallon ƙirjin yana tashi. In bai tashi ba, kan ne bai koma baya sosai ba, gyara. In babu numfashi sam, ɗora hannu kan hannu a tsakiyar ƙirji, ka danna zurfin santimita 5 zuwa 6, da saurin 100 zuwa 120 a minti: dannawa 30, hurawa 2, ku riƙa karɓar juna har taimako ya iso. In yana numfashi da kansa, juya shi kan gefensa, gwiwar sama a lanƙwashe, hannu a ƙarƙashin kunci, baki na kallon ƙasa, don amai ya fita waje kada ya gangara huhu.

Tramol yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Ba iska ba ce. Kawar da gawayin shayi da duk abin da zai buge shi, sa riga ƙarƙashin kansa, kada ka danne shi, kada ka cusa masa cokali ko yatsa. Duba agogo, jijjigar da ta wuce minti 5 ko ta dawo ba ta jiran komai sai asibiti.

Nono, manja, ruwan gishiri, ruwan tsamiya, babu wanda ke karya ƙwaya, kuma wanda ba ya cikin hayyacinsa in ka ɗura masa, huhu za su tafi. Yi masa addu'a da bakinka, nasa bakin ka bar shi. Kwara masa ruwa ko marinsa ɓata lokaci ne.

Ku kai shi babban asibitin Damagaram ko CSI (ƙaramin asibitin unguwa) mafi kusa, a mota ko adaidaita, kwance kan gefensa. A kan babur kansa zai rinjayo ƙirji, iska ta yanke. Ɗauki ragowar ƙwayar da ledarta, ka faɗa wa ma'aikata abin da ya sha, nawa, da ƙarfe nawa. Kada ka ce zazzaɓi ne don rufin asirin gidansu, kunyar nan ita ke sa likita lalube. Akwai allurar naloxone da ke dawo da numfashi cikin minti 2 zuwa 3, amma aikinta na gushewa tsakanin minti 30 zuwa 90, ƙwayar kuwa tana nan a jini. Allurar kuma ba ta karya diyazefam ko giya. Saboda haka in ya farfaɗo ya ce a tafi gida, ka ƙi.

Farasitamol nasa salon daban ne. Wanda ya haɗiye shi da yawa yakan tashi garau, sai bayan kwana biyu ko uku hanta ta lalace. Maganinsa ya fi aiki cikin awa 8 na farko, don haka a tafi a ranar ko yana dariya. In kuma da gangan ya sha, kada a yi masa faɗa, kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe magungunan ɗakin.

Ajiye lamba 18 a wayarka yau, ka karanta wa ƴan fadarku wannan takarda. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka