Zuwa ga aminina, a kan ƙafafun Baba

Aminina,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya amarya? Shirun naka ya yi yawa, sai ka ce wanda ake bi bashi.

Ƙafafun Baba ne suka hana ni sukuni. Ya taka ƙusa bai ji ba, sai da Umma ta ga jini. Likita ya ce ciwon sugan nan ne ya fara cin jijiyoyinsa. Tun ranar nake bin littattafai ina neman yadda jiki ke jin ciwo.

Ashe ƙwayar jijiya ko tana hutawa da cajinta na lantarki, cikinta ya gaza wajenta da kimanin milibolt 70 (ƙaramin ma'aunin ƙarfin lantarki ne). Da an taɓa ta sai ƙananan ƙofofin jikinta su buɗe, sinadarin sodiyam ya kwarara ciki, cajin ya juye, sinadarin fotasiyam ya fita ya mayar da ita yadda take. Duk wannan cikin kashi 1 ko 2 cikin 1,000 na daƙiƙa! Inda ya juye shi ke tayar da gabansa, a haka saƙo ke tafiya. Kuma bugun, wato juyawar cajin nan, ba ya ƙara girma, in zafi ya tsananta yawan bugun ne ke ƙaruwa. Wasu masana biyu, Hodgkin da Huxley, suka fayyace wannan a Ingila a 1952, da jijiyar wata dabbar teku.

Na san ka fara hamma, ɗan bencin baya. Daure.

Jijiyar da ke naɗe da rigar kitse saƙonta tsalle yake yi, har mita 120 a daƙiƙa. Marar riga kuwa kusan mita 1. Shi ya sa in ka yi tuntuɓe za ka fara jin tsini, raɗaɗin sai daga baya. Ƙwayoyin ma ba a manne suke ba, akwai 'yar rata tsakaninsu, sinadari ke tsallaka ta da saƙon.

Abin da ya fi tsaya mini: daga ƙasan laka zuwa yatsan ƙafa ƙwaya guda ce ke miƙewa, kusan mita 1. Irin waɗannan dogayen suga ke fara illatawa. Yanzu kullum da dare ni ke duba masa tafin ƙafa.

Af, an sa ranar ƙanwar mutumin naka, da wanda kake zargi kuwa. Kai ma ka je a gwada suganka, kada ka ce sai gobe. Ka kira Baba, yana yawan cigiyarka.

Naka har kullum.