Zuwa ga Malam Sani, kan maganar kunnen Ummi

Assalamu alaikum Malam Sani,

Ya Fatakwal, ya aiki, ya uwargida da yara? Mu nan Gusau lafiya lau sai zafi, ka dai san watan Afrilu, 40 ko fiye kullum, ga wuta sai an ga dama a kawo.

Na saurari saƙon muryar da ka turo kan kunnen Ummi da ke ɗaukar zafi haka kawai sannan ya lafa, kuma wallahi tun kafin ka kai ƙarshe na ce wannan ai labarin Abba na ne. Shi ma haka ya riƙa yi, yana zaune lafiya ƙalau ko ya dawo daga ƙwallo sai kunnen dama ya ɗau zafi ya yi jajir, ka taɓa ka ji kamar an kara shi a bakin murhu, na hagu kuwa sanyi ƙalau, yaro na kuka yana cewa kunnenshi na ƙuna, bayan rabin awa ko awa guda abin ya wuce ya koma wasanshi. Uwarshi da farko ta ɗauka a makarantar allo anka murɗe mai kunne, Inna kuma ta dage baki ne a nemo rubutu, wata maƙwabciya har da kawo shawarar a ɗiga manja. Don Allah kar ka bari a ɗiga ma yarinyar nan komai a kunne tukuna.

Likitan yara da munka gani ya haska cikin kunnen ya ce ba ruwa ba mugunya, dodon kunne lafiya lau. Sai ya yi wata tambaya da ban zata ba, wai yaron na ciwon kai? Kuma akwai mai ciwon ɓarin kai a gidan? To ka san Maman Abba, in nata ya tashi sai ta rufe ɗaki ta kashe fitila har da amai. Nan ya ce mana akwai wata lalura da ba a cika gani ba, ta jijiyoyi ce da hanyoyin jinin fatar kunne, ba ƙwayar cuta ba ce, shi ya sa maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake saya a kemis ba abin da yake mata sai asarar kuɗi. Wani likitan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ɗan Ostareliya James Lance ne ya fara bayaninta a 1994, sannan a 1996 ya rubuta kan marasa lafiya 12. A wajen yara yawanci tana tafe ne da ciwon ɓarin kai, wani lokacin kunnen ya riga kan, wani lokacin su zo tare. Manya kuwa an fi samunta ga masu matsalar ƙashin wuya ko gaɓar muƙamuƙi.

Abin da ke tado shi ƙananan abubuwa ne, taɓa kunnen ko goga shi, zafin rana, sanyi, guje-guje, tauna, juya wuya, damuwa. Tunda ka ce na Ummi ya fi tashi ranar kitso to ka lura da kyau, mai kitso na jan gashi tana taɓa kunnen. Amma a duba ɗan kunnenta ma, irin na kasuwa masu arha ɗin nan wasu fatar ba ta karɓarsu, sai dai shi wannan ƙaiƙayi yake da ƙuraje kuma ba ya wucewa cikin awa guda.

Wani abu da ni na gano da kaina, Abba fari ne shi ya sa jan ke fitowa ɓaro-ɓaro, Ummi kuwa kalarka ta ɗauko (kar ka ji haushi), to ba lallai ka ga ja sosai ba, ƙila kunnen ya ƙara duhu kawai. Ka sa bayan hannu ka taɓa kunnuwan biyu ka gwada. Kuma ka ɗauki hoto da waya lokacin da abin ke kai, don matsalar ita ce kafin ku isa asibiti ya lafa, likita ya ga kunne garau ya ɗauka kun cika tsoro ne. Uwarta ta riƙa rubuta lokacin da ya tashi, tsawon da ya ɗauka, da mi take yi kafin nan, da ko akwai ciwon kai.

Magani dai babu wani guda da anka ce shi ne. Mu tsumma mai tsabta muke jiƙawa da ruwan randa mu ɗora mai, ya kwanta a inuwa, kuma mun matsa mai da shan ruwa da barci kan lokaci da karin safe kafin makaranta, tun daga nan abin ya ragu sosai. In yana yawan tashi likita kan bada irin magungunan rigakafin ciwon ɓarin kai, amma wannan shi zai auna ya rubuta, ba ɗan kemis ba.

Sai dai fa duk wanga bayani in babu zazzaɓi ne. In ka ga jiki ya yi zafi, ko kunne na zubar da ruwa, ko bayan kunnen ya kumbura har ya turo shi gaba, ko jan ya kwana ya wuni bai sauka ba, ko ji ya ragu, to wani ciwon ne daban, asibiti a ranar. In kuwa wuya ya sandare ga ciwon kai da amai ko cikin dare ne ku fita, mu da munka ga sanƙarau na 2017 a jihar nan ba mu wasa da wannan.

Ka turo min hoton in ka ɗauka in gwada da na Abba, har yanzu suna cikin wayata. Maman Abba na gaida uwargida, ta ce a tambaye ta ko kukar da ta aiko da daddawar sun iso. Babbar sallah muna sa ranku fa, bara kun zille.

Naka,
Baban Abba