Shuka ma tana da dabarar kare kanta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Duk sanda aka tashi maganar fari ko ambaliya, asarar da aka tafka ake lissafawa, ba a cika taɓo yadda ita shukar take kare kanta ba.

Idan ƙasa ta bushe, sinadarin ABA, wanda shuka ke samarwa da kanta a matsayin saƙon gargaɗi, kan ƙaru a jikinta, ƙananan ƙofofin ganye su rufe don rage asarar ruwa, wasu ƙwayoyin halitta da ke kwance su tashi aiki.

Dabarar shinkafa ce ta fi burge ni. Da ruwa ya shanye ta, sai ta dinga miƙewa tana neman iska har abincin da ta tara ya ƙare, ta mutu. Mai ɗauke da wata ƙwayar halitta da ake kira SUB1A kuwa lafewa take yi, ta jure kusan mako 2 a nutse. A 2006 aka bayyana gano ƙwayar, asalinta daga wata tsohuwar shinkafar manoman Indiya. Masanan cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, suka shigar da ita cikin wani irin shinkafa mai suna Swarna ta hanyar haɗa iri da iri, aka fitar wa manoman Indiya a 2009.

Don Allah ku riƙa ba masu binciken iri fili su yi wa manoma irin wannan bayani.

Naka,
Wani mai karatu