Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan koyar da rubutun insha'i

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kuma ka fara sabawa da garin da aka tura ka hidimar ƙasa. Mu nan gida kowa lafiya, sai godiyar Allah. Saƙonka ya iso, na kuma fahimci abin da ke damunka, wato an damƙa maka darasin Turanci na aji uku na babbar sakandare, ka ba yaran jigon insha'i na farko, abin da suka rubuto ya sanyaya maka gwiwa. Na zaɓi in amsa maka a takarda domin ka samu abin da za ka riƙa komawa kansa duk lokacin da kake shirya darasi.

Ka fara da sanin abin da ke jiran yaran nan. Jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 aka mayar da ita kacokan kan kwamfuta, canki-canka ce daga farko har ƙarshe, saboda haka yaro zai iya samun maki mai yawa a cikinta ba tare da ya rubuta jimla ɗaya da hannunsa ba. Inda ake gwada rubutunsa shi ne takardar Turanci ta WAEC da ta NECO. A ta WAEC ana ba shi jigogi ya zaɓi ɗaya, ya rubuta kimanin kalmomi 450, a kan maki 50: maki 10 na abin da ya faɗa, 10 na yadda ya tsara shi, 20 na yadda ya sarrafa harshe, sai 10 na ƙa'idojin rubutu, inda kowane kuskure ke cinye rabin maki. Sarrafa harshe abu ne da ke ginuwa a hankali ta hanyar yawan karatu, ba za ka iya cika musu shi a 'yan watannin da suka rage ba. Amma samun abin faɗa da iya jera shi, waɗannan kana iya koya musu kafin zango ya ƙare, kuma su ne za su bi su har jami'a. Ko Bayero suka shiga, ko Ahmadu Bello, ko wata kwalejin ilimi, tun shekarar farko za a zaunar da su a darasin amfani da Turanci, a ba su tambayoyin da sai sun yi bayani a rubuce, daga ƙarshe kuma su rubuta kundin kammala karatu. Malamin jami'a ba shi da lokacin koya wa ɗalibi yadda ake haɗa sakin layi, yana ɗauka ne an riga an koya masa a hannunka.

Shawarata ita ce ka ajiye maganar cikakken insha'i tukuna, ka tsaya a kan sakin layi ɗaya har ya zauna musu. Yaron tela ba a fara miƙa masa shadda a ce ya yanka babbar riga, ƙyalle ake ba shi ya yi ta bi da keke har ɗinkinsa ya miƙe. Ka koya musu cewa sakin layi magana ɗaya yake ɗauka. Jimlar farko ta faɗi maganar a fili, jimlolin da ke biye su kawo dalili da misali, kuma duk jimlar da ba ta taimaki wannan magana ba a cire ta, ko da ta yi daɗi a kunne.

Bari in nuna maka abin da nake nufi. Idan ka ba su jigon matsalar ruwan sha a unguwarsu, mafi yawansu za su rubuta cewa ruwa shi ne rayuwa, ruwa yana da muhimmanci ga mutum da dabba, gwamnati ta taimaka, Allah ya kawo sauƙi. Babu ƙarya a ciki, sai dai babu abin da mai karatu ya ƙaru da shi, domin kowace jimla ta kama hanyarta daban. Sai ka tsayar da yaro ɗaya ka tambaye shi: a gidanku wa yake ɗebo ruwa, kuma da wane lokaci? Zai ce maka shi da ƙanensa ne, bayan sallar asuba suke fita da jarkoki zuwa rijiyar burtsatse, su tarar da layi ya yi tsawo, 'yan garuwa sun riga su da kurarsu, kafin su dawo su yi wanka an riga an kaɗa ƙararrawa. To, a nan sai ka ɗauki alli ka rubuta a allo cewa ƙarancin ruwa yana sa yaran unguwar makara zuwa makaranta, ka jera abin da ya faɗa a ƙarƙashinta ɗaya bayan ɗaya. Ajin zai ga da idonsa cewa sakin layin ya fito ne daga bakin ɗan'uwansu, kuma kowannensu yana da irin wannan a cikinsa.

Kada ka ji nauyin barin su su fara faɗin abin da Hausa kafin su juya shi zuwa Turanci. Na daɗe da lura cewa yaron da ake cewa bai iya rubutu ba, sau da yawa abin da zai faɗa ne bai tsaya masa a kai ba, sai ya ɓuya a bayan manyan kalmomin da ya haddace. Wanda ya iya tsara hujja da harshen gidansu, kalmomin Turanci kawai suka rage masa, kuma malamin Hausa na makarantarku abokin aikinka ne a wannan, tunda shi ma insha'i yake koyarwa, da gabatarwa da gundarin bayani da kammalawa. Ka je ka same shi da ladabi ku daidaita abin da kuke gaya wa yaran.

Idan sakin layi ya zauna, sauran aikin ba shi da wuya sosai. Ka sa su saba ɗaukar mintuna kaɗan kafin su fara rubutu, su jera maganganu uku ko huɗu a gefen takarda, su yanke wadda za ta zo farko da wadda za ta biyo, sannan kowace magana ta samu sakin layinta. Ka nuna musu ƙananan kalmomin da ke haɗa magana da magana, irin su amma, da saboda haka, da bugu da ƙari, ka kuma ja musu kunne cewa kowace da aikinta, ba ado ake yi da su ba. Daga nan ka bi da su ta nau'o'in da jarrabawa ke kawowa, wato wasiƙar hukuma da ta zumunci, da maƙalar jarida, da jawabin muhawara, da labari, kowane da siffarsa.

Akwai abin da nake so ka yaƙa da gaske, shi ne haddace gabatarwa. Za ka tarar da yara suna yawo da wasu jimlolin buɗewa da suka gada daga na gabansu, suna liƙa su a kan kowane jigo, ya dace ko bai dace ba. Masu duba takardun jarrabawa sun san waɗannan jimloli sarai, kuma ba sa ƙara wa yaro komai. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗabi'ar da ke bayansu, domin yaron da ya saba aron bakin wani a sakandare, shi ne zai je jami'a ya kwafo aikinsa daga intanet, a kama shi da satar fasaha. Saboda haka yawancin rubutun su yi shi a gabanka cikin aji, da biro da littafi, a kan abin da suka sani da kansu.

Ka ce ajin ya cika maƙil har kana tsoron yadda za ka duba aikinsu. Wannan ma wani dalili ne na farawa da sakin layi, tunda jimloli shida ba sa cin lokacin da shafi biyu ke ci. Kada kuma ka cika takardar yaro da jan biro har ya kasa gane rubutunsa, domin idan ya ga ja ko'ina zai ninke takardar ne ya tura cikin jaka. A kowane aiki ka zaɓi abu ɗaya ko biyu da za ka bi, wannan mako aya da babban baƙi, mako mai zuwa lokutan aikatau, ka rubuta masa a ƙasa abin da ya yi daidai da abin da zai gyara. Sannan lallai ya sake rubuta aikin ya dawo maka da shi, domin a wannan sake rubutun ne ake koyon abin. Wani lokaci ka karanta wa ajin sakin layi mai kyau na ɗaya daga cikinsu, wanda ya kasa kuwa ka gyara nasa a allo ba tare da ka ambaci sunansa ba, kada ka kunyata ɗan mutane a gaban abokansa. Ka kuma kula da 'yan matan da ke zama shiru a baya, sau da yawa rubutunsu ya fi na masu ɗaga hannu tsari.

Na haɗa maka tsofaffin takardun tambayoyin jarrabawa da wasu jaridu da za ka riƙa yanko musu sakin layi suna nazari, zan ba direban da ke zuwa wajenku ranar kasuwa. Idan ka samu hali, ka ɗauki hoton rubutun wasu daga cikin yaran, ka rufe sunayensu, ka turo mini in duba tare da kai. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka ƙwarai. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka ikon sauke wannan amana.

Wassalam,
Mahaifinka.