Maganar Heluma

Jos,
Daren Lahadi.

Mutumina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya karatu, ya zafin Malesiya? Mu nan sanyi ya sauko da ƙarfinsa, da asuba ruwan alwala kamar ya yanke yatsu. Ranar Juma'a na biya na gaishe da Hajiya, tana lafiya, ta ce in gaya maka ka rage aiko hotuna ka ƙara kiran waya. Ƙannenka duk suna gaishe ka.

Na zaɓi in rubuto maka ne maimakon saƙon murya, domin maganar tana da tsawo, kuma idan na fara ta da baki raina zai ɓaci kafin in kai ƙarshe. Maganar zaurenmu ce na wasan labari, wanda ka miƙa mini ragamarsa ka hau jirgi. Na san ba ka iya leƙowa, tunda awa bakwai ne tsakaninmu, ƙarfe tara na darenmu huɗu na asubarku ne.

Yanzu mu 34 ne a Telegram, amma masu fitowa kowane daren Juma'a ba sa wuce 12. Labarin da muka tsara tare yana nan: barikin kuza a wajen Bukuru, shekarar 1943. Ka tuna daren da muka gano cewa ƙasar da za ka je karatu ita ce sanadin komai? Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa kuzar da take samu a can, sai ta juyo kan Filato, aka riƙa kwaso mutane daga lardunan Arewa ana kawo su aikin tilas har zuwa 1944. Mutanen ƙasar zafi, ba bargo, ba isasshen abinci, aka jibge su a wannan sanyin da nake maka kuka da shi ina cikin ɗaki. Da yawa ba su koma gida ba. A cikin wannan duniyar kowa yake riƙe da mutuminsa: akwai lebura mai ɗaukar kwanon ƙasa, akwai akawu, akwai mai tuwo a bakin bariki, akwai manomin da kamfani ya haƙe gonarsa, akwai heluma, wato shugaban leburori. Ni kuma ina jan labari, ina zama Bature idan an shiga ofis, in zama ruwan sama idan rami zai rufta.

Kawuna ya ga ina jefa ɗan lido a waya ya tambaye ni ko caca muke yi. Na zaunar da shi na nuna masa babu ko sisi a ciki. Idan mutum ya ce leburansa zai tsallake shinge ya gudu, sai ya jefa, Telegram ce ke fitar da lamba daga ɗaya zuwa shida, ba ni ba, ba shi ba. Ɗaya ko biyu an kama shi, uku ko huɗu ya tsira amma da rauni, biyar ko shida ya sha. Na ce masa Turawa sun buga irin wannan wasan a Amurka tun 1974, Dungeons & Dragons, su nasu ɗan lidon har mai fuska ashirin gare shi, amma mu ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yaron da ya liƙa gemun auduga ya fito tashe a goma ga azumi ya zama tsoho, kowa ya san yaro ne, kowa kuma ya yarda tsoho ne har ya gama. Kawu ya yi dariya ya ce to a dai riƙa tashi sallah.

Abin da ban sani ba lokacin da na karɓa shi ne, jan labarin shi ne mai sauƙi. Sauraron mutane ne aikin.

Wata biyu da tafiyarka ƙorafi ya fara. Mutum uku ne, kullum su, kuma maganarsu ɗaya: wasa ya yi sanyi, a ƙara faɗa, a ƙara gudu da bin sawu. Na ɗauka muryar zaure ce. Na kawo tawayen lebura, na kawo 'yan doka, na ƙona rumbun hatsi. Sati uku ana ta ƙura, su ukun suna murna, masu fitowa kuma suka ragu daga 12 zuwa 7. Yarinyar nan mai riƙe da mai tuwo, wadda kai da kanka ka ce ta fi mu duka iya rubutu, ta daina cewa komai. Tana nan, ina ganin ta karanta, amma shiru.

Na bi ta gefe na tambaye ta. Amsarta ta tsaya mini a rai. Ta ce ita ba ta ƙi faɗa ba, wayarta ce ƙarama, kuma tana tunani kafin ta rubuta. Kafin ta gama jera jimla uku an turo saƙo goma sha biyar, an wuce wurin da take son magana, sai ta goge abin da ta rubuta. Sau nawa? Ta ce ta daina ƙirgawa. Na yi ƙuri'ar da ba a ganin sunan mai zaɓe, sai ga mutum tara da irin wannan damuwar, wasu saboda wuta da caji, wasu saboda data, wasu yara ne a hannunsu. Babu ko ɗayansu da ya taɓa buɗe baki a zaure. Na kunna tsarin nan da ke hana mutum sake turo saƙo sai bayan minti biyar, na kuma riƙa kiran kowa da sunan mutuminsa in ce me kake yi yanzu. Su ukun suka yi ta mita sati guda. Amma abin mamaki, su ma sun daina cewa wasa ya yi sanyi, domin da mai tuwo ta samu fili sai ta ɓoye leburan da ya gudu a bayan tukwanenta, ta tsaya tana yi wa ɗan doka ƙarya ido cikin ido, kowa ya riƙe numfashi. Ashe gaskiya suka faɗa cewa akwai abin da ya ɓace, maganin da suka kawo ne ba shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba lallai ne ya iya gyaran rufi ba.

Wannan duk shimfiɗa ce. Ga abin da ya hana ni barci.

Ka san wanda ke riƙe da heluma. Abokinmu ne tun aji ɗaya, ba sai na faɗa ba. Ya iya wasan ƙwarai, helumansa mugu ne mai daɗin baki, yana cin rabin kuɗin lebura yana kiransu 'ya'yana. Sati uku da suka wuce labari ya kai inda manomi ya zo ofis neman diyyar gonar accarsa. Mai riƙe da manomin malamin makaranta ne daga wajen Bukuru, Birom ne, Kirista, Hausarsa kuwa ta fi ta wasunmu. Heluma ya tare shi a ƙofa. Da farko abin ya yi kyau, ana ja-in-ja. Sai abokinmu ya sa wa heluma kalmar nan a baki, wadda ka sani, wadda ake kiran mutanen dutse da ita don a ƙasƙanta su. Bai tsaya nan ba, ya ƙara da magana kan abincinsu da suturar kakanninsu da addininsu. Saƙo uku, kowanne ya jira minti biyar ɗinsa ya turo. Wato yana da lokacin yin tunani.

Ni kuma ina kallo. Wannan ne laifina, kuma ba zan ɓoye maka ba. Na ce a raina ai labari ne, ai a 1943 an yi irin wannan maganar, ai heluma dama mugu ne. Na bar shi ya wuce. Malamin bai rubuta komai ba, bayan kamar rabin awa ya fita daga zauren. Da wata ta yi magana, abokinmu ya ce ba shi ya faɗa ba, heluma ne.

Mutumina, a wani garin wataƙila wannan amsar ta wadatar. A Jos ba ta wadatar ba. Muna yara aka yi rikicin Satumbar 2001, mun ga na 2008, mun ga na 2010. Mun ga yadda unguwanni suka rabu, har ya zama akwai layin da mutum ke tunani kafin ya shiga da yamma. Zaurenmu na cikin wurare kaɗan da na sani inda ɗan Gangare da ɗan Bukuru ke kwana suna dariya tare. Kalmar da aka faɗa ba ta mutu a 1943 ba, ana faɗarta yau a cikin Keke, kuma wanda aka faɗa wa a wayarsa ya karanta ta, a ɗakinsa, ba a bariki ba. Magana zarar bunu ce ko da bakin wa ta fito.

Ranar Asabar na hau mota na je na sami malamin. Ya karɓe ni da mutunci, matarsa ta kawo gwate mai zafi, muka ci. Sai ya ce mu taka. Ya kai ni bakin wani tafkin kuza a bayan unguwarsu, irin waɗanda muke wucewa ba mu kallo, ruwa kore shar, gefensa jar ƙasa a tsaye kamar an yanka da wuƙa. Ya ce nan gonar kakansa take. Ya ce shi ya sa ya zaɓi manomi tun ranar farko. Na ba shi haƙuri, na ce zan cire duk wata maganar ƙabila da addini daga labarin, mu koma wata duniya ta aljanu da sarakuna inda ba wanda zai ji ciwo. Abin da yawancin 'yan zaure suka nema ke nan a daren.

Ya girgiza kai. Ya ce idan na yi haka na sake ƙwace gonar. Shi bai shigo don a goge tarihi ba, ya shigo ne don a wannan karon manomin ya samu bakin magana. Abin da ya ƙona masa rai ba muguntar heluma ba ce, ya san an yi helumomi irin haka. Abu biyu ne: an yi amfani da kalmar da har yanzu ake jifan 'ya'yansa da ita, kuma mai jan labari, wanda zai iya sa Bature ya fito ko akawu ya tsawatar ko a ba manomi fili ya rama, ya yi shiru. Ya ce shirun nawa ya fi zagin ciwo. Ban sami abin cewa ba. Mun daɗe a tsaye a wurin.

Ga abin da na yi. Na rubuta a zaure, da sunana, cewa na yi kuskure da ban tsayar da wasan ba. Na kafa ƙa'ida cewa mugu zai iya zama mugu, ya yi zalunci, ya ci amana, amma kalmomin da ake zagin ƙabila ko addini da su a titi yau ba za su shigo ba, ko a bakin wa. Idan labari ya buƙaci zagi, a rubuta cewa heluma ya zage shi, kowa ya gane. Na kuma aro wata dabara daga masu wasan a waje, ta wani John Stavropoulos: kati ne mai alamar X a tsakiyar tebur, duk wanda abu ya dame shi ya taɓa, a janye abin ba tare da an tambaye shi dalili ba. Mu ba mu da tebur, sai muka ce duk wanda ya turo jan kati an tsaya. An yi amfani da shi sau ɗaya tun lokacin, kan maganar mutuwar jariri, muka karkata labarin cikin minti biyu, babu wanda ya tambayi dalili.

Abokinmu kuma na dakatar da shi sati biyu, na ce kafin ya dawo ya nemi malamin su yi magana. Na kira shi kafin in sanar, don kada ya gani a gaban mutane. Ya ce na zaɓi bare na bar ɗan'uwa. Ya ce kai da kana nan ba za ka yi masa haka ba. Tun ranar bai ɗaga wayata ba, ranar Laraba mun haɗu a Terminus ya miƙo hannu kawai ya wuce. Wallahi abin yana damuna, domin ban ɗauke shi mai ƙin mutane ba. Ina ganin daɗin wasa ne ya ɗebe shi, sannan girman kai ya hana shi juyowa. Biyu daga cikin masu goyon bayansa sun fita. Wasu kuma suna ganin sati biyu ya yi kaɗan. Na saurari kowa, ban canza ba.

Malamin ya dawo shekaranjiya. Manominsa ya koma ofis, wannan karon da dattawan ƙauye huɗu a bayansa, akawu ya karanta takardar, aka jefa ɗan lido ya ba da uku. An biya shi diyya, amma rabin abin da ya nema, gonar kuma ta tafi. Ya rubuta yadda tsohon ya tsaya ya ɗebi ƙasar gonar a cikin ƙoƙo kafin a fara haƙa. Zauren ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan mai tuwo ta rubuta cewa ta zuba masa abinci ba ta karɓi kuɗi ba.

Kujerar heluma tana nan, ban ba kowa ba, na ce ya yi tafiya Zariya a jirgin ƙasa. Roƙona gare ka shi ne ka kira abokinmu. Yana jin maganarka fiye da tawa. Kada ka ce ni na sa ka, kuma kada ka yi masa faɗa, ka bar shi ya fara zazzage abin da ke cikinsa. Idan ka ga ya sauko, ka gaya masa malamin ya ce ƙofarsa a buɗe take, ni kuma zan raka shi Bukuru duk ranar da ya shirya. Idan kuma kana ganin na yi masa tsauri, ka gaya mini kai tsaye, zan ji.

Ka sanar da ni ko za ka samu zuwa hutun ƙarshen zango, in ajiye maka wani mutum a labarin. Ka gaida abokan zamanka. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya dawo mana da kai lafiya.

Naka har kullum,
abokinka na Jos.